Tuban Muzuru da Ɗan da Ya Tafi Gona

Bahaushe yana da suna ga tuban da ya tsaya a fatar baki: tuban muzuru. Muzuru zai sunkuyar da kai, ya lumshe ido, amma gashin kazar yana maƙale a gefen bakinsa, kuma gobe da asuba akurki zai koma. Abin takaici shi ne irin wannan tuba ya sami gindin zama a wa'azin da ake yi da Hausa a majami'u da yawa, tun daga unguwannin birni har ƙauyukan da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo. An mai da tuba abin da ake gamawa cikin minti biyar a ƙarshen taron farkawa. A ɗaga hannu, a fito gaba, a maimaita addu'a bayan mai wa'azi, a rubuta suna a littafi, washegari a aika da adadi hedkwata. Babu mai komawa bayan wata shida ya duba ko iyakar gonar da aka ci ta koma wurinta, ko mudun da aka lotsa wa gindi an sake shi.

Misalan da Yesu Almasihu ya bayar a kan tuba ba su yarda da wannan ciniki ba. Duk wanda ya karanta su a tsanake zai tarar cewa a cikinsu ana gane mai tuba ne ta inda ƙafarsa ta nufa da abin da hannunsa ya saki. Wa'azin da ya tsaya ga ƙirga hannuwan da aka ɗaga ya kauce wa littafin da yake cewa yana karantarwa.

Yadda kalmar ta ƙanƙance

Kalmar tuba ta zo Hausa daga Larabci, kuma asalin ma'anarta komawa ce. Haka take a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, inda kalmar da annabawa suka yi ta amfani da ita take nufin juyowa daga hanyar da aka kama. A Girkanci kuwa, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar da aka fi amfani da ita tana nufin sauya tunani. Duk ukun motsi suke nunawa: mutum yana fuskantar gabas, ya juya ya fuskanci yamma, ya kuma taka.

A ƙasar Hausa kalmar ta ɗauki wani kaya na daban. A yankin da ya tashi daga Kabo, ya bi ta Gwarzo da Mainika da Getso, ya gangara Karaye da Rogo, ya tsallaka Malumfashi da Kafur ta jihar Katsina, Maguzawa sun daɗe suna zaune a gidajensu na gona kusa da garuruwan Musulmi. Idan aka ce Bamaguje ya tuba, abin da ake nufi shi ne ya musulunta, shi ya sa ake kiransa tubabbe. Da aikin mishan ya iso, sai kalmar ta bi sawu ɗaya. Mishan ɗin SIM, wanda mutanensa uku na farko suka sauka Ikko a 1893, bai sami damar aiki sosai a masarautar Kano ba sai a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya, daga baya kuma da asibitin ido na birnin Kano. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ta yi ta yaye masu wa'azi. A ɗaya gefen kuma, tsakanin 1963 da 1965, Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a sassan Arewa, ana sanar da adadin waɗanda suka karɓi kalmar shahada a kowane zango.

Sakamakon wannan tarihi shi ne tuba ta koma sunan ƙofar da ake shiga sau ɗaya. Wane ya tuba, wato ya bar tsafin gidansu ya shiga jama'ar nan ko waccan. Daga nan an gama da shi, sai a juya ga na waje. Jikan tubabbe, wanda aka haifa a cikin ikilisiya, aka yi masa baftisma, ya zama dattijo, yana jin kalmar kamar wasiƙar da aka aika wa maƙwabcinsa. Nan ne ɓarnar take, domin misalan da suka fi zafi a kan tuba na cikin gida aka faɗa wa su.

"To, Baba"

Misalin 'ya'ya biyu yana cikin Matiyu sura 21, daga aya 28 zuwa 32, kuma Matiyu kaɗai ya kawo shi. Wani mutum ya umarci ɗansa ya je ya yi aiki a gonar inabi a ranar. Ɗan ya ƙi a gaban idonsa, daga baya ya yi nadama ya tafi. Uban ya je wurin ɗayan da umarni iri ɗaya, shi kuwa ya amsa da ladabi, har da kiran uban da sunan girma, amma bai taka gonar ba. Yesu ya tambayi masu sauraro wanne ne ya aikata nufin uban.

Manomin Mainika ba ya bukatar mai tafsiri ya fassara masa wannan gida. Gandu ne. Uba yana da gona, 'ya'ya suna yi masa aiki tun safe har rana ta take, sannan kowa ya nufi gayaunarsa da yamma. Uba shi ke ciyarwa daga rumbu, shi ke biyan haraji a zamanin da ake biya, shi ke yi wa ɗa aure. Manomin ya kuma san nauyin kalmar "yau" a bakin uban. Noman firi ba ya jiran kowa. Idan ruwa ya zauna aka yi sakaci na mako guda, harƙiya ta shaƙe gero, kuma babu ladabin da zai cire ta sai fartanya.

Amma manomin nan ya san wani abu kuma, wanda shi ne ƙashin bayan misalin. A gidan Bahaushe ɗa ba ya ce wa uba a'a. Zai durƙusa, ya kau da ido, ya ce "To, Baba," ko da ya riga ya shirya tafiya kasuwar Getso. Ɗan da ya buɗe baki ya ce ba zai je ba ya yi abin da za a daɗe ana faɗa a tsakar gida: marar kunya, wanda bai sha tarbiyya ba. Idan da za a tara dattawan unguwa a tambaye su wanne ne ɗan kirki tun kafin rana ta faɗi, da yawa za su nuna mai cewa "to". Wannan jarabar tsohuwa ce. A wani tsohon kwafin Linjila na hannu da ke ajiye a Kambirij ta Ingila, amsar masu sauraron ta faɗa kan ɗan da ya amsa da baki bai je ba. Masana sun yi ta muhawara a kan yadda aka yi haka, amma abin yana nuna yadda zuciyar ɗan Adam take karkata ga mai daɗin baki.

Misalin bai wanke rashin kunyar ɗan farko ba. Ƙin da ya yi laifi ne, shi ya sa ma aka ce ya yi nadama. Abin da misalin ya yi shi ne ya ɗauke ma'auni daga zaure ya kai shi gona. Ba a ce ɗan ya dawo ya yi jawabin neman gafara ba, ba a ce ya yi kuka ba. Abin da aka sani game da nadamarsa kawai shi ne an gan shi a bakin aiki.

Wa aka faɗa wa?

Yesu ya ba da wannan misali a cikin Haikali a Urushalima, bayan ya kori masu ciniki daga harabarsa. Manyan firistoci da shugabannin jama'a ne suka tare shi suna tambayar wa ya ba shi izini. Ya mayar musu da tambaya a kan baftismar Yahaya, ko daga sama take ko daga mutane, suka ce ba su sani ba, domin suna tsoron kowace amsa. Su ne ya ba misalin, su ne suka yanke hukunci da bakinsu, sannan ya gaya musu cewa masu karɓar haraji da karuwai suna riga su shiga Mulkin Allah, domin waɗannan sun gaskata Yahaya, su kuwa ko da suka ga haka ba su sauya ba.

Wanda ya ɗauki wannan nassi ya yi wa mashayan burkutu wa'azi da shi, ya bar masu zama a kujerun gaba suna gyaɗa kai, ya juya bindigar baya. Ɗan da ya ce "to" shi ne mai addini, mai sanin waƙoƙi da ka, mai yin addu'ar buɗe taro. A nan ne ya kamata a dubi yadda horon ikilisiya yake aiki a wurare da dama. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ana sanar da sunanta a gaban jama'a, a hana ta Jibin Ubangiji, a zaunar da ita a bencin baya har watanni. Laifinta ba ya ɓoyuwa, ita kuma ba ta da mai tsaya mata. Mutumin da ya ba da bashin hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ya karɓi ninki da kaka, ba a cika jin an zaunar da shi a baya ba. Haka wanda ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa, da wanda ya karkatar da takin da aka aiko wa manoman mazaɓa. Sau da yawa shi ne ke sayen kwanon rufin majami'a. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Horon da ke kama ƙananan kifi ya saki manya shi ne ainihin abin da misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji, a Luka sura 18, ya yi tir da shi: ɗaya ya tsaya yana lissafa azuminsa da zakkarsa yana raina na kusa da shi, ɗayan ya tsaya nesa yana bugun ƙirji, kuma na biyun ne ya koma gida a karɓe.

Tuba tana da farashi

Linjila ba ta bar ma'anar tuba a cikin hazo ba. Da jama'a suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, a Luka sura 3, amsoshinsa duk na kasuwa da titi ne. Mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya. Mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Soja kada ya yi ƙwace ko ƙazafi, ya kuma wadatu da albashinsa. A Luka sura 19, Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan wannan ne aka ce ceto ya sauka a gidansa.

Misalin bawa marar yafiya, a Matiyu sura 18, ya zo da lissafi. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya kimanin dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan ɗan ƙodago ne na yini guda, wato bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Bawan ya faɗi ƙasa, ya yi roƙo, kuma babu wanda zai ce roƙon bai yi kyau ba. Yana fita ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Sarkin bai sake duba ingancin hawayen da aka zubar a fada ba. Abin da aka yi a bakin ƙofa ya duba, ya soke yafiyar.

Maƙwabta Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan magana. Yaron da ya karanta Ahalari a makarantar zaure a Gwarzo ko Kabo ya haddace sharuɗɗan tuba tun yana ƙarami: nadama, barin laifin nan take, da niyyar ba za a koma ba, malamai kuma suna ƙarawa da mayar da haƙƙin mutane. Addinan biyu sun sha bamban a kan yadda ake samun gafara, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Amma a kan cewa tuban da bai mayar da akuyar sata ba wasa ne, limami da fasto ba su da abin jayayya. Kirista da ke zaune a tsakiyar irin waɗannan maƙwabta ya sani cewa da wannan mudu za a auna shi.

An kuma taɓa ganin abin a aikace. Farkawar da ta tashi daga Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya da Tanganyika, an san ta da abu guda da ya ba hukumomi da 'yan kasuwa mamaki: mutane suna dawo da kuɗi da kayan da suka sata, wasu bayan shekaru, suna biyan basussukan da aka riga aka fid da rai da su. Farkawar tana da nata kurakurai, har da tonon asirin kai a bainar jama'a da ya wuce kima. Duk da haka ta bar ma'auni mai sauƙi. Taron farkawa da aka yi kwana uku ana yi, aka watse ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar wani da kaya a hannu, taron kiɗa ne aka yi.

Abin da za a ce

Za a ce wannan koyarwar ceto ta wurin ayyuka ce, alhali Bulus ya koyar cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, yana goyon bayan rabinsa. Uban ya hango ɗan tun daga nesa, ya sheƙa a guje, ya rungume shi, bai ma bari ya ƙarasa jawabin da ya shirya ba. Ba a ce ya fara biyan gadon da ya lalatar ba kafin a sa masa riga da zobe. Amma uban a kan hanyar gida ya tare shi. Ɗan ya riga ya tashi daga wurin aladu, ya taka doguwar tafiya da yunwa. Da ya zauna a can yana nadama yana ci gaba da kiwo, da ba a yanka ɗan maraƙi ba. Tafiyar ba ita ta sayi gafarar ba, amma babu wanda ya karɓi gafarar yana zaune a ƙasa mai nisa. Martin Luther, wanda ba za a zarge shi da raina alheri ba, ya buɗe batutuwansa 95 na shekarar 1517 da cewa rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya rubuta littafi a 1937 yana kai hari ga alheri mai araha, wato gafarar da ake rabawa ba tare da an nemi kowa ya sauya ba.

Za a kuma ce, to ai ke nan mai aiki shi ne gwani. Misalin ɗan da ya ɓace ya toshe wannan ƙofa ma. Babban wan yana gona lokacin da ƙanensa ya dawo. Shekara da shekaru bai taɓa ƙetare umarni ba, shi ne ɗan gandu na gaske. Amma da ya ji kiɗa ya ƙi shiga, ya yi magana da ubansa kamar ɗan ƙodagon da aka riƙe wa lada, ya ƙi ma kiran mai dawowar ɗan'uwansa. Nufin uban a wannan yamma shi ne a shiga a ci tare, shi kuwa a nan ya ce a'a. Labarin ya ƙare yana tsaye a waje, uban yana lallashinsa. Biyayya ga nufin Allah ta haɗa da karɓar wanda ya dawo. Ikilisiyar da ke tuna wa tubabbe tsafin kakansa, ko take kallon yarinyar da ta gama horo da ido ɗaya har ta tsufa, babban wa ce, ko da ba ta taɓa fashin sujada ba.

Ƙorafi na uku shi ne mafi taɓa zuciya. Kiristocin Hausa a jihar Kano 'yan kaɗan ne, kuma sun daɗe suna kukan wahalar samun filin gina majami'a da ganin ana yi musu kallon baƙi a ƙasar kakanninsu. Me ya sa za a tona musu asiri a gaban waɗanda ba sa ƙaunarsu? Kukan gaskiya ne, kuma ya cancanci a saurare shi. Sai dai jama'ar da ba ta da yawa, ba ta da sarauta, ba ta da kuɗi, jarinta guda ne: a ce a kasuwa mudun wane cikakke ne, maganarsa ba ta tashi. Ranar da wannan ya zube, babu katangar da za ta kare ta. Rufe laifin manya da sunan haɗin kai ciyar da ƙuduji ne a gindin dawa.

Shekara guda

A Luka sura 13 akwai itacen ɓaure da ya shekara uku ba ya 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare shi, domin yana cin ƙasa a banza. Mai kula da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki, in ya yi 'ya'ya to, in bai yi ba a sare. Akwai jinƙai a nan, amma jinƙai ne mai wa'adi, kuma abin da za a duba a ƙarshen wa'adin 'ya'ya ne. Ganye ba ya cikin lissafi.

Kaftu da taki a ikilisiyar ƙauye ba su da wuyar ganewa. Mai wa'azin da ya kira mutane gaba ya gaya musu tun a wurin cewa akwai wanda za su nema gobe da safe, da abin da za su kai masa. Dattawa su riƙa auna cin iyaka da bashin ruwa da cin gadon marayu da mudun da suke auna laifin 'yan mata. Rahoton da ake aikawa sama, in dole ne a ƙirga, ya ƙirga basussukan da aka biya da 'yan'uwan da suka koma gaisawa. Wanda aka haifa a cikin ikilisiya kuma ya daina jin kalmar tuba kamar ta Maguzawan da suka rage ce.

Adadin zai ragu, babu shakka. Hannuwa ba za su tashi da yawa ba idan aka san cewa ɗaga hannu yana nufin mayar da kadada guda ga matar marigayi kafin shuka. Amma tambayar da aka yi a Haikali ba ta nemi sanin 'ya'ya nawa suka amsa ba. Ta nemi sanin wanda ya je, kuma firistocin da kansu, da duk ƙin da suke yi wa mai tambayar, ba su iya ba da wata amsa ba.